Malam Nouhou Ya Nemi Auren Matarsa

Duk Bahaushen da ya taɓa cin tuwo a kewayen Lyon ya san Malam Nouhou na Saint-Fons, dogon mutumin Tasawa mai hular ulu ko da bazara, wanda in ka gaishe shi sai ya tambaye ka lafiyar mutanen da kai kanka ka manta da su. Ya zo Faransa yana saurayi, ya shiga wata masana'antar sinadarai a bakin kogin Rhône, ya yi ta ɗaukar buhu da wanke tankuna har gemu ya yi fari, warin wurin kuma ya bi shi har cikin rigar salla. Mutum ne mai kunya irin ta mutanen da. Ba ya cin abinci a tsaye, ba ya ƙyalƙyala dariya, kuma ba a taɓa jin ya kama sunan matarsa ba. In zai yi maganarta sai ya ce "mutanen gidan", alhali mutanen gidan nan mutum ɗaya ce tak.

Sunanta Monique. Baturiya ce 'yar Lyon, gajeriya, mai kaifin baki, tana raba abinci a ɗakin cin abincin masana'antar. Ita ta lura cewa dogon nan burodi da ƙwai kawai yake ɗauka don gudun naman alade, sai ta riƙa ajiye masa kifi a gefe. Ya ci kifin nan shekara biyu, bai ce mata komai ba ban da godiya. Da abin ya kai masa wuya sai ya yi abin da ya ga iyayensa na yi, ya aiki amininsa Zailani, wani ɗan Damagaram mai zaƙin baki da suke kwana ɗaki ɗaya a fwaye, gidan kwanan leburori baƙi. Zailani ya je ya dawo yana washe baki, ya ce an dace.

Wata Juma'a ta 1986 aka ɗaura auren a ɗakin salla na fwayen. Liman ya tsaya waliyyin amarya, Zailani ya karɓa wa ango, aka miƙa sadaki, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino. Amarya ba ta wurin, tana bakin aikinta. Ango ma ba ya wurin, yana ɓoye a ɗakin sama don kunya. Da yamma abokai suka rako shi da akwatinsa har ƙofar gidan Monique, tunda shi ba shi da inda zai kai ta. Ta buɗe ƙofa, ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta dubi ƙullin goron da aka miƙa mata, ta matsa gefe ya shiga.

Zama ya yi daɗi, ko da yake Allah bai ba su haihuwa ba. Ta koyi tuƙa tuwo da garin semolina, shi kuma ya koyi cin cuku yana yamutsa fuska. Sai dai gadonsa na fwaye bai sake shi ba. A ganinsa abin kunya ne ɗan Tasawa ya sauka Lyon ya rasa masauki, don haka ya bar gadon da sunansa, baƙi na ta kwana a kai suna wucewa. Duk wata takarda tasa can take zuwa. Gidan da yake kwana kuwa sunan Monique kaɗai ke jikinsa, kuma babu wanda abin ya dama a cikinsu.

A 2004 ya yi ritaya. Lokacin ya gama gina gida a Tasawa, yana marmarin ya riƙa yin damina can. Sai ya ji labarin wani kati da ake ba tsofaffin ma'aikata, mai shekara goma, mutum ya je ƙasarsu ya dawo yadda ya ga dama. Ya je ya miƙa katinsa na zaman ƙasa, aka ba shi wannan. Ya dawo fwaye yana nuna wa mutane, yana cewa katin dattawa ne. Sharaɗi biyu aka gaya masa, ya ce to da sauri don kada ya ɓata wa ma'aikacin lokaci: daga yau gidansa na ainihi yana Nijar, kuma in ya zo Faransa kada ya wuce shekara ɗaya a zama guda. Monique bai ba ta wannan bayanin ba, don a wurinsa maganar takarda ta maza ce.

Haka ya yi ta kai da komo har 2012, ranar da Monique ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Daga ranar Malam Nouhou ya manta da hanyar filin jirgi. Shi ke ɗaga ta, shi ke yi mata wanka, shi ke dama mata kunu, shi ke riƙe ta tana koyon tafiya daga gado zuwa taga. Maganarta ta dawo, amma a hankali, kalma ɗaya sai ta huta kafin ta biyu. Damina biyu ta wuce shi a Saint-Fons, bai ko ƙirga ba.

Da katin ya kusa ƙarewa a 2014, ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin takardun baƙi a sabunta masa. Ma'aikacin ya buɗe fasfo, ya juya shafi, ya sake juyawa, ya ce ai ya wuce shekara ɗaya tuntuni, wannan katin ba zai sabuntu ba. In yana son irinsa, sai ya koma gidansa na Nijar ya nema daga can.

"In tahi? Wa za ya ɗaga ta?" in ji Malam Nouhou.

"Wa?" in ji ma'aikacin.

"Mutanen gidan. Matata. Ba ta da lafiya."

Ma'aikacin ya tambaya ko 'yar ƙasa ce. Da ya ji e, sai fuskarsa ta saki, ya ce to ai abin da sauƙi, a bar maganar katin ritaya, a nema masa zama na mijin 'yar ƙasa. Ya kawo takardar aure kawai. Malam Nouhou ya gyara tsayuwa ya ba shi labarin ɗaurin auren tsaf, har da sunan liman, Allah ya ji ƙansa. Ma'aikacin ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo masa da allon kwamfuta ya nuna da biro.

"A nan an rubuta ba ka taɓa aure ba. In ba a gaban magajin gari aka yi ba, hukuma ba ta san da shi ba."

Malam Nouhou ya buɗe baki, salati kawai ya fito. Shekara ashirin da takwas! Mutum ya yi furfura a ɗakin matarsa, yaron da bai kai shekarun auren ba ya dube shi ya ce ba shi da aure. Ya fito ya zauna a kan bencin tashar bas, bas ɗinsa ta zo ta wuce yana kallonta, wata ma ta zo ta wuce.

Da ya gaya wa Monique, ya ɗauka za ta firgita kamar shi. Ko gezau. Ta ce ai ta sani, kowace Bafaranshiya ta san wannan. Abin da ya girgiza ta daban ne. Ta sa ya maimaita mata sharaɗin katin, ya maimaita yana kallon ƙasa.

"Ka ce masu," ta tsaya ta huta, "gidanka yana Nijar?"

"Maganar takarda ce kawai."

"Shekara goma. To nan ina ne? Otal?"

Ranar ba ta ci abincin da ya dafa ba. Washegari ta ce ya je ya karɓo jerin abin da ma'aikatar magajin gari ke buƙata, ba ta ƙara ko kalma a kai ba.

Cikin abin da ake buƙata har da shaida daga ofishin jakadancin ƙasarsu cewa ba shi da mata. Ya bar Monique hannun wata maƙwabciya ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Zailani, wanda yanzu Alhaji ne, ya daɗe da barin Lyon, yana zaune a Sevran, yana sayar da turare da huluna wajen Porte de la Chapelle. Da Malam Nouhou ya karɓo takardar, can ya je ya same shi da ita a hannu, fuska a murtuke. Alhaji Zailani ya karɓa ya sa tabarau ya karanta, sai ya kwashe da dariya har yana dafa teburin kaya.

"Jama'a ku zo ku ga tuzuru! Hukuma ta buga mai hatimi! Nouhou, ashe duk goron nan da na raba asara na yi?"

"Alhaji, ba abin dariya ba ne. Suna iya korata daga ƙasar."

"Wa za ya kore ka? Ka tahi ku tsaya gaban magajin gari, a tambaye ku, ku ce wi, wato e, shi ke nan. Ni zan zo in yi maka shaida karo na biyu. Amma wannan karon sai ka hito daga ɗaki, Nasara ba su karɓar wakili."

Wannan maganar ta hana Malam Nouhou jin daɗin tuwon da aka yi masa a Sevran. Shi a tsaye, ita a tsaye, mutane na kallo, a tambaye shi ko yana son ta. A jirgin komawa Lyon gumi ya yi ta karyo masa, ga shi kuwa ana sanyi.

Bai san da sauran aiki a gaba ba. Da suka kai takardu ma'aikatar magajin gari, ma'aikaciyar da ke kula da aure, wata yarinya mai suna Carine wadda a haife ya yi jika da ita, ta duba ta ga abin da kowa zai gani. Ga tsoho wanda katinsa ke ƙarewa, adireshinsa fwaye ne da Nijar. Ga tsohuwa marar lafiya mai zaman kanta. Babu takarda ɗaya da ta haɗa sunayensu. Ta ce doka ta ba ta dama ta gana da kowannensu shi kaɗai, don ana samun masu auren takarda. Aka tura Monique wani ɗaki a kekenta na marasa lafiya, daga baya aka kira shi.

Carine ta yi masa magana da ladabi, wannan ba a hana ta ba. Ta tambaye shi ranar haihuwar Monique. Ya ce bai sani ba, tasa ma hukuma ce ta zaɓa masa. Ta tambaye shi sunan da yake kiranta da shi a gida. Ya ce ba ya kira, in ya yi gyaran murya ta san da ita yake. Ta ce auren da ya ce an yi a 1986, wane kaya amarya ta sa? Ya ce ba ta zo ba. Shi fa? Shi ma bai zo ba. Biron Carine ya tsaya.

"Aurenku ne, kuma babu ɗayanku a wurin?"

"Haka ake yi."

"A wane ɓangaren gado take kwana?"

Malam Nouhou ya ji jininsa ya hau kai. Tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa yi masa tambaya irin wannan ba, balle daga bakin yarinya. Ya ce subhanallahi, ya kau da kai ya dubi bango.

"Malam, dole in tambaya. Kana son ta?"

Mutumin da ya shekara biyu yana wanke ta yana shafa mata mai, ga shi an ba shi tambaya mafi sauƙi a duniya, ya kasa. A garinsu namiji mai mutunci ba ya faɗin wannan ko a gaban amininsa. Sai ya ce, "Muna zaman lafiya."

Carine ta rufe fayil ɗin. Ta ce gaskiya amsoshinsu ba su haɗu ba, za ta sake kiransu kafin ta yanke ko ta tura maganar gaba a yi bincike. In aka tura, aure zai tsaya, katinsa kuwa ba zai jira ba.

A hanyar gida yana tura keken, ransa a ɓace, yana ta faɗa shi kaɗai a kan rashin kunyar 'ya'yan zamani. Monique ta bar shi ya gama. Da suka zo wajen wani benci a gefen hanya ta ɗaga hannunta mai lafiya, ya tsaya.

"Ta tambaye ni," in ji ta, "yadda ka nemi aurena."

"Kin ce mata na aiko Zailani."

"Na ce mata ba ka nema ba tukuna."

Ya zagayo gabanta. "Kamar yaya? Zailani ya ce kin yarda."

"Na ce wa Zailani, in yana so, ya zo ya faɗa da bakinsa." Ta huta. "Na yi ta jira. Sai ga ka da akwati da goro."

Malam Nouhou ya zauna a bencin. Wato Zailani ya ji "ya zo ya faɗa", ya auna da mudun gida, inda in mace ba ta ce a'a ba to ta yarda, ya kawo masa albishir. Aka tara mutane, liman ya yi addu'a, aka ci goro, duk a kan amsar da ba a bayar ba. Tsoro ya kama shi, na gaske, wanda ya fi na ofishin takardu.

"To don mi kika buɗe ƙofa?"

"Ana ruwa. Kuma ina son ka, sakarai. Ni ban ji nauyin faɗa ba." Ta gyara bargon ƙafarta. "Na ce gobe zai tambaya. Goben ce har yau."

Ranar bai iya haɗa ido da ita ba. Ya yi mata abinci, ya ba ta magani, ya yi sallolinsa, yana ta jujjuya abin a ransa. Ya tuna yadda ya je ya ce wa hukuma gidansa na Nijar ba tare da ya shawarce ta ba, ya ga ashe tun farko haka yake yi mata, yana yanke magana a kanta da maza a wani ɗaki, ita kuma tana buɗe ƙofa.

Washegari da hantsi ya goge babbar rigarsa ta shadda, wadda yake zuwa idi da ita, ya sa hula, ya fesa turaren Zailani. Monique na zaune a falo tana kallonsa. Ya fita, ya ja ƙofa ta rufe, ya tsaya a kan matakala ya danna ƙararrawa.

Kafin mai shanyewar jiki ta tashi ta kama sandarta ta iso ƙofa ana daɗewa. Yana jin ƙarar sandar tana matsowa kaɗan-kaɗan. Maƙwabciyarsu ta fito da kwandon shara, ta gan shi cikin babbar riga yana danna ƙararrawar gidansa, ta tambaya ko makulli ya manta. Ya ce a'a. Ta fasa sauka, ta tsaya kallo abinta. Da ƙofar ta buɗe, Malam Nouhou ya yi sallama, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Monique," ya ce. Sunan ya fito masa wani iri, kamar ba a bakinsa ba. "Na zo da bakina. Ina son ki. Ko za ki aure ni?"

Ta dube shi tun daga takalmi har furfura. Idonta ya ciko, amma bakin nan nata bai mutu ba.

"Shigo, sanyi na shiga."

"Ba ki amsa ba."

"Zan yi shawara. Ka ji amsa a gaban magajin gari."

Da Carine ta sake kiransu, bai jira tambaya ba. Ya faɗi abin da ya kasa faɗa, idonsa a kan takalminsa, ya ba ta labarin kifi da na Zailani da na ƙararrawa. Maƙwabciyar ma ta zo ta ce tun tana amarya a benen take jin gyaran muryar mutumin nan ta bango. Carine ta sa ranar aure. Amma makonnin da suka rage Malam Nouhou bai ji daɗinsu ba, don kullum ya saci kallon Monique sai ya ga ba ta da niyyar sauƙaƙa masa. Har ya rame.

Ranar auren Alhaji Zailani ya iso daga Sevran da ƙullin goro, Malam Nouhou ya harare shi ya ce ya zauna ya yi shiru, ya riga ya yi nasa. Mataimakin magajin gari ya karanta abin da zai karanta, ya juya ga Monique ya tambaye ta ko ta yarda ta auri Nouhou. Ta yi shiru. Ko ciwon ne ya riƙe mata harshe, ko da gangan ne, har yau babu wanda ya sani. Ɗakin ya yi tsit, Alhaji Zailani ya daina tauna goro. Karo na farko a rayuwarsa Malam Nouhou ya san cewa matar nan tana iya cewa a'a. Sai ta ce wi. Da aka juyo kansa, bai bari an gama tambayar ba ya amsa, da ƙarfin da har na bayan ɗaki suka yi dariya, hawaye na bin gemunsa bai ko share ba.

Bayan wasu watanni katin ya fito. Ya juya shi gaba da baya, ya ga na shekara ɗaya ne. Ma'aikacin ya yi masa bayani cewa kafin a kai ga mai tsawo, duk shekara sai ya dawo tare da matarsa, ta sa hannu da kanta cewa har yanzu suna tare. In ba ta zo ba, babu kati. Malam Nouhou ya riƙe baki. Monique kuwa da ta ji, dariya ta yi har sai da ya ba ta ruwa.

Tun daga nan, in lokacin sabuntawa ya matso, mutanen benen sukan ga dogon tsohon nan ya fito cikin shadda ya ja ƙofa, ya danna ƙararrawar gidansa, ya tsaya da hula a hannu yana sauraron sanda na matsowa. Ita kuma in ta buɗe ta ji abin da ya zo da shi, sai ta ce ya shigo, za ta yi shawara.